Igiya da Turke: Tarihin Siffofi da Awo a Ƙasar Ƙonni da Adar

Ilimin siffofi da awo, wanda malaman Larabci suke kira handasa, makarantun boko kuma suke kira jometiri, shi ne reshen lissafi da yake nazarin layi da kusurwa da da'ira da sauran surorin da abubuwa suke ɗauka, tare da hanyoyin auna tsawonsu da faɗinsu da abin da cikinsu zai iya ci. A gundumomin Birnin Ƙonni da Malbaza da Illela na jihar Tawa, yaro yakan fara jin sunayen waɗannan siffofi ne a azuzuwan farko na lakwal, inda mushe yake zana su a babban allo ya sa a yi ta maimaita sunayensu, galibi da Faransanci, har yaron ya ɗauka cewa abin baƙo ne da ya zo tare da alli da littafi. Tarihin yankin bai goyi bayan wannan ɗauka ba, domin magina da manoma da masu haƙar rijiya sun daɗe suna fitar da da'ira da miƙaƙƙen layi da hannunsu tun kafin zuwan Turawa, kuma abin da makaranta ta kawo shi ne ɗabi'ar raba siffa da abin da yake ɗauke da ita, a ba ta suna ita kaɗai, a kuma auna ta da ma'aunin da ba ya canzawa daga mutum zuwa mutum.

Ƙasar da ake magana a kanta ta haɗa kudancin Adar, mai tuddai na duwatsu da kwaruruka irin na Majiya da Badagishiri, da kuma filin Ƙonni wanda ya gangara zuwa iyakar Sakkwato. Sarautar Sarkin Adar, wadda mazauninta yake Illela a yau, ta samo asali ne daga Agabba ɗan Sarkin Agadas Muhammadu Mubarak, wanda ya ci Adar wajen shekarar 1674, ita kuwa Ƙonni birni ce mai ganuwa da ta zauna ƙarƙashin inuwar Gobir, daga baya ta koma ƙarƙashin ta Sakkwato a ƙarni na 19. Djibo Hamani da Nicole Echard, waɗanda kowannensu ya fitar da littafi kan tarihin Adar a 1975, sun nuna al'umma ce ta manoman gero da dawa wadda Azna masu addinin gargajiya da Musulmi suka daɗe suna zaune tare a cikinta, kuma a wajen irin wannan al'umma ne ya kamata a nemi mafarin sanin siffofi.

Da'ira ce ta fi kowace siffa daɗewa a ginin ƙauye, kuma hanyar fitar da ita ba ta buƙatar komai sai turke da igiya da tsinke. Magini yakan kafa turke a inda yake so tsakiyar ɗaki ta kasance, ya zarga masa igiya, ya ɗaura tsinke a ɗaya bakin gwargwadon girman ɗakin da mai gida ya nema, sa'an nan ya ja igiyar ta miƙe sarai ya zagaya yana shata ƙasa har ya dawo inda ya fara. Sharaɗin aikin guda ɗaya ne, wato kada igiya ta saki kuma kada ta naɗe a jikin turke, domin da zarar tsawonta ya ragu ko ya ƙaru shatar ba za ta haɗe ba, kuma wannan sharaɗi shi ne daidai ma'anar da'ira a littafin lissafi, inda ake cewa layi ne rufaffe wanda kowane ɗigo a kansa nisansa ɗaya da tsakiya. Jinka, wato rufin kara da ciyawa da ake ɗorawa a kan ɗakin, ana ɗaure ta ne a ƙasa kafin a taru a ɗaga ta, saboda haka dole bakinta ya ɗara kewayen bango kaɗan don ruwan sama ya zuba nesa da gini, dole kuma sandunanta su zo tsawo ɗaya don ƙololuwa ta zauna bisa tsakiya. Wanda ya iya wannan ya san dangantakar da ke tsakanin faɗin gindi da tsayi da gangaren siffa mai tsini, ko da kuwa bai taɓa jin an kira ta da wani suna ba in ban da jinka.

Rumbun laka na Adar ya fi wannan wuya, kuma shi ne gwanintar da baƙo yake fara lura da ita a ƙauyukan Illela da Malbaza. Ana ɗora gindinsa bisa duwatsu don gudun gara da danshi, a riƙa ɗaga bango zobe bisa zobe, ana barin kowane sawu ya sha iska kafin a ɗora na gaba, cikin yana buɗewa a hankali har ya kai iyakar faɗinsa, sa'an nan ya fara tsukewa zuwa ƙaramin baki a sama wanda ake rufewa da hular ciyawa. Babu katako ko wani abin da ake jingina lakar a kansa, idon magini da tafin hannunsa ne kawai suke kiyaye zagayen, kuma bangon siriri ne ƙwarai idan aka dubi girman rumbun. Dalilin zaɓen wannan siffa a fili yake ga masu lissafi, domin a cikin dukkan siffofin da kewayensu ya zo ɗaya da'ira ce ta fi cin fili, kuma bango mai lanƙwasa yana raba nauyin hatsin da yake tura shi daga ciki ba tare da ya tara shi a wata kusurwa da za ta tsage ba. Babu wanda zai ce maginan sun kai ga wannan ta hanyar hujjar lissafi, amma gwaji na zuriya bayan zuriya ya kai su inda hujjar take kaiwa.

Ma'aunan da aka yi wannan aiki da su na jiki ne. Taƙi shi ne tazarar da ke tsakanin babban yatsa da na tsakiya idan an ware su, kamu shi ne daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa kuma da shi masaƙa da ƴan koli suke awon zane, gaba ita ce tsawon hannuwa biyu a buɗe kuma da ita ake faɗin zurfin rijiya da tsawon igiyar guga, taki kuwa na awon fili ne. Abin lura shi ne dukkansu ma'aunan tsawo ne. Girman gona ba a faɗinsa da wani ma'auni na fili, ana faɗinsa ne da yawan damman geron da take bayarwa, ko tiyar irin da take ci, ko kwanakin da noma yake ɗauka a cikinta, kuma wannan lissafi ya fi dacewa da bukatar manomi, tun da yake gona mai yashi da gona ta fadama ba su zama ɗaya don kawai iyakokinsu sun zo daidai ba. Zakka ma a kan dami ake fitar da ita, ɗaya cikin goma ga amfanin da ruwan sama ya shayar.

Siffa mai kusurwa huɗu ita ma tsohuwa ce, ko da yake wurinta dabam ne. Guy Nicolas, wanda ya yi bincike a kwarin Maraɗi, ya nuna a wata maƙala ta 1966 cewa Hausawan yankin suna shata gida da gona da kasuwa da gari bisa jihohi huɗu, wato gabas da yamma da arewa da kudu, wadda mutanen Adar da Sakkwato suke kira gusum, ta yadda dangar gida takan fito da gefe huɗu alhali ɗakunan da ke cikinta zagayayyu ne. Wasan dara, wanda ake haƙa masa gurabe talatin a ƙasa, layi biyar a tsaye shida a kwance, yana koya wa yaro jeri da sahu tun bai shiga makaranta ba. Musulunci ya ƙarfafa wannan siffa ta fuskar masallaci, domin sahun salla miƙaƙƙe ne kuma dole ya fuskanci alƙibla, soro mai rufin laka kuwa ya ƙarfafa ta ta fuskar kayan aiki. Azara, wato tsagin itacen giginya da gara ba ta cika ci ba, ba ta iya ɗaukar nauyin rufin laka idan tazarar da ta ƙetare ta wuce kimanin mita 2, saboda haka duk wanda yake son ɗaki mai faɗi sai ya raba rufinsa gida-gida da ginshiƙai ko da bakan gizo, wato ƙafar gini mai lanƙwasa da take tashi daga bango ta haɗu da ƴar'uwarta a sama. Idan bakuna suka gitta juna suka ɗauki rufi mai tudu a tsakiya, shi ne magina suke kira ɗaurin guga.

Sunayen da suka tsaya a kan siffa ita kaɗai, irin su da'ira da murabba'i da musallasi, sun shigo ne ta hannun malaman zaure, waɗanda suke buƙatar lissafi don rabon gado da sanin lokutan salla da fitar da alƙibla, da kuma zana hatimi. Hatimi zane ne mai gefe huɗu da aka rarraba gida-gida aka zuba lambobi ko haruffa a ciki, ta yadda jimillar kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, za ta zo ɗaya, kamar mai gida tara wanda kowane layinsa yake ba da 15. Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, malamin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741 a gidan Hasan al-Jabarti, ya rubuta littafi a 1732 kan hanyoyin tsara irin waɗannan hatimai masu adadin layi mara, kuma masana tarihin lissafi suna ambatonsa har yau. A wannan fanni, musallasi yana nufin hatimi mai gida uku a kowane gefe, murabba'i mai gida huɗu, muhammasi mai gida biyar, alhali a handasa musallasi siffa ce mai gefe uku, wadda Hausa ta yau ta fi sani da alwatika. Sanin ya tsaya a hannun ƴan ƙalilan, kuma bai cika haɗuwa da na magina a wuri ɗaya ba, domin malami ba ya taka laka, magini kuma ba da alƙalami yake aiki ba.

Babu inda handasar Turawa ta fara taɓa mutanen wannan yanki kamar wajen shata iyaka, kuma a nan tarihin Ƙonni ya bambanta da na yawancin garuruwa. Bayan yarjejeniyar 1890, wadda ta ja layi daga Sayi a bakin Kwara zuwa Barruwa a bakin tafkin Cadi, Ingila da Faransa sun sake zama a Paris suka sa hannu kan wata a ranar 14 ga Yuni 1898. A cikinta aka ce iyaka za ta bi tsakiyar Dallol Mawri har ta haɗu da kewayen wata da'ira da aka kafa tsakiyarta a birnin Sakkwato, mai nisan mil 100 daga tsakiya zuwa baki, wato kusan kilomita 161, sa'an nan ta bi bakan arewa na wannan da'ira har inda ya yanki layin digiri 14 karo na biyu, ta miƙe gabas mil 70, ta gangara kudu, ta sake miƙewa gabas mil 250. Aiki ne na wanda ya dasa ƙafar kamfas a kan taswira ya juya, ba tare da ya san inda rijiya take ko inda ikon wani sarki ya tsaya ba. Birnin Ƙonni, wanda bai kai kilomita 100 daga Sakkwato ba, ya faɗa cikin da'irar, wato rabon Ingila, haka ma ƙasar Malbaza, bakan kuwa ya ratsa ta wajejen Illela ya bar Tawa a waje.

Faransawa ba su daɗe ba suka gane cewa abin da aka bar musu a bayan bakan ƙasa ce mai ƙarancin ruwa wadda ayari ba zai iya bi daga Kwara zuwa Damagaram a kowane lokaci na shekara ba. Rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine, wadda ta auka wa Birnin Ƙonni a watan Mayu na 1899 ta yi kisan da har yanzu ba a manta da shi ba, ta yi wannan ɓarna ne a garin da takarda ta ce ba na Faransa ba ne. Yarjejeniyar 8 ga Afrilu 1904 ta karya da'irar ta maye gurbin mafi yawan bakanta da miƙaƙƙun layuka, ɗaya daga cikinsu yana ƙarewa a wani ɗigo mai nisan kilomita 20 arewa da Ƙonni, sai ta 29 ga Mayu 1906 ta sake sauko da iyakar kudu da garin ta bar shi a hannun Faransa. Tsakanin 1906 da 1908 kwamitin haɗin gwiwa ƙarƙashin Tilho na Faransa da O'Shee na Ingila ya bi ƙasa ya kafa alamomi 148 daga Kwara zuwa Cadi. Sakamakon wannan jan layi shi ne cewa yaron Ƙonni ya koyi siffofi da Faransanci da ma'aunin mita, ɗan'uwansa na Illelar jihar Sakkwato, wadda ba ta da nisa da shi kuma suna cin kasuwa ɗaya, ya koye su da Ingilishi da inci da ƙafa da yadi.

Makarantar mulkin mallaka ba ta kai ga mutane da yawa ba, domin a 1960, shekarar samun ƴancin kai, yaran Nijar da ke zuwa lakwal ba su kai kashi 5 cikin 100 ba. Waɗanda suka shiga sun tarar da tsarin aji shida, daga CI zuwa CM2, inda ake koyar da siffofi da rula da kamfas da ma'aunin kusurwa, cikin harshen da ba a yarda a haɗa shi da na gida ba ko a filin wasa. Ɗalibi yakan haddace cewa kewayen da'ira shi ne faɗinta sau 3.14, ya ci jarrabawa da haka, ba tare da an taɓa nuna masa cewa zaren da ya zagaye bakin faifan mahaifiyarsa zai ƙetare tsakiyarsa sau uku da ɗan saura ba.

A daidai wannan zamani ne sanin magina ya kai ƙololuwarsa a ƙauyen Yama na ƙasar Badagishiri, cikin gundumar Illela. A 1962 mutanen garin suka ɗora wa Falke Barmu, magini kuma manomi daga cikinsu, aikin gina masallacin Juma'a, kowa ya ba da abin da yake iyawa, wasu tubali, wasu ɗebo ruwa, wasu itace. Ginin farko zaure ne mai kusurwa huɗu da rufinsa yake kan ginshiƙai, da mihrabi da ya ɓullo waje ta gabas. A 1975 ya sake rufin ya ɗora shi bisa bakuna na itatuwan da aka ɗaure aka lulluɓe da laka, ya kuma tayar da ƙubba a tsakiya, wanda yake nufin sai da ya warware tsohuwar matsalar da duk mai gina ƙubba yake fuskanta, wato yadda za a zaunar da zagayayyen rufi a kan gurbi mai kusurwa huɗu. Daga 1978 zuwa 1982 ya ƙara hasumiya huɗu a kusurwoyin ginin, kowace tana tsukewa yayin da take hawa, kuma babu biyu da suka yi kama da juna, abin da mai zanen gini na makaranta zai iya ɗauka kuskure ne alhali da gangan aka yi shi. Masallacin ya sami lambar yabo ta Aga Khan ta fasahar gini a 1986. Tsohon masallacin Dandaji, shi ma a ƙasar Illela, aikin Falke Barmu ne, kuma shi ne wanda Mariam Kamara da Yasaman Esmaili suka mayar ɗakin karatu suka gina sabo a gefensa da tubalin ƙasa matsattse, aikin da aka kammala a 2018.

Siminti ya ja gini zuwa wata hanya dabam. Masana'antar Malbaza, wadda ta fara aiki a 1966 saboda dutsen farar ƙasa da ke wurin, aka kuma buɗe sabuwa babba a gefenta daga baya, ta taimaka wajen yaɗa bulo mai tsawon santimita 40 da tsayin 20, kuma bulo da kwanon rufi ba su san lanƙwasa ba. Maginin siminti yana buƙatar kusurwa tsayayya, wato mai digiri 90, a kowane lungu na gini, kuma yakan same ta ta hanyar auna santimita 60 a gefe ɗaya da 80 a ɗaya gefen ya tabbatar tsakaninsu ya ba da 100, ko ya ja igiya daga kusurwa zuwa kishiyarta sau biyu ya ga sun zo ɗaya. Noman rani na gwamnati ya yi wa gona abin da bulo ya yi wa ɗaki. Filin ban ruwa na Ƙonni, wanda aka gina kashi biyu tsakanin 1976 da 1982 ya kuma haura hekta 2,400, yana shan ruwa daga madatsun Mozage da Zango a kan Majiya, an yanka shi ne gida-gida da magudanan ruwa miƙaƙƙu, kowane manomi da yankinsa da bai kai hekta ɗaya ba, kuma a kan girman yankin ake lissafa kuɗin ruwa da taki. A nan ne, da kuma a fangalin albasar Galmi, manomi ya fara samun dalilin sanin fili da ma'aunin fili, tun da yake yanzu abin yana taɓa aljihunsa.

Da'ira ta dawo gona ta wata ƙofa bayan farin 1984. Tuddan Illela da Badagishiri sun cika da faƙo, wato ƙasa mai tauri da ruwa yake gudu a kanta bai shiga ba, kuma a ƙarƙashin wani shiri da asusun raya noma na duniya, FIDA, ya tallafa daga 1988 aka kai wasu manoman Illela yankin Yatenga na Burkina Faso a 1989, inda suka ga yadda ake farfaɗo da irin wannan ƙasa da ƙananan ramuka. Da suka dawo suka gyara tsohuwar dabararsu ta tassa, wato rami zagayayye mai faɗin taƙi ɗaya ko fiye kaɗan, wanda ake tara ƙasar da aka haƙo a gefensa na gangare a zuba taki a ciki a jira ruwa. Damina mai ƙarancin ruwa ta 1990 ta nuna bambanci, domin gero ya yi a ramuka ya ƙone a sauran wurare, daga nan dabarar ta bazu daga maƙwabci zuwa maƙwabci, har faƙon da da ba mai so ya zama abin saye da sayarwa.

Ramin da ake kira rabin wata, wanda ya yaɗu tare da tassa, darasin handasa ne cikakke a fili. Ana fara neman layin da ƙasa take daidai, ba hawa ba gangara, da ma'aunin ruwa na siririn tiyo ko da katako mai ƙafa biyu da aka rataya wa dutse a zare. A kan wannan layi ake shata rabin da'ira da igiya mai tsawon mita 2, ta yadda bakinta zai zama mita 4 yana kallon inda ruwa yake fitowa, a haƙe cikin a tara ƙasar a bayan bakan ta zama shinge. Sahu na biyu ba ya zama daidai bayan na farko, ana gocar da shi ne don kowane rabin wata ya tare ruwan da ya kuɓuce ta tsakanin biyun da ke samansa, kuma bisa wannan tsari ma'aikatan gona suke lissafa 313 a hekta ɗaya. Dubban maza da mata da ba su taɓa zama a aji ba sun iya wannan aiki, kuma a bakinsu kalmomin tsakiya da baki da baka da sahu sun ɗauki ma'ana tsayayya ba tare da wani kwamiti ya zauna ba.

Ƙoƙarin shigar da Hausa aji ya bi nasa tafarkin, mai tafiyar hawainiya. Bayan taron Bamako na 1966 kan rubutun harsunan Afirka ta Yamma, Nijar ta buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973, daga baya aka ƙara wasu da Zabarmanci da Fulatanci da Tamajak da Barbarci, cibiyar INDRAP ta Yamai kuma ta ɗauki nauyin shirya littattafai, har da na lissafi. Dokar ilimi ta 1 ga Yuni 1998 ta amince da harsunan ƙasa a matsayin harsunan koyarwa tare da Faransanci, ta 2001 ta lissafa harsunan ƙasa goma, amma makarantun sun shafe shekaru da dama suna amsa sunan gwaji, adadinsu ƙalilan ne, iyaye da yawa kuma suna ɗari-ɗari da su saboda jarrabawa da aikin gwamnati da Faransanci ake yin su. A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki.

Masu shirya kalmomin lissafi, a Yamai ko a Kano da Zariya da Sakkwato, ba rashin kalmomi ne ya fi damunsu ba, yawan ma'anar kowace kalma ne. Faɗi a bakin jama'a shi ne gajeren gefen abu, amma kuma da shi ake cewa gona tana da girma, alhali littafi yana buƙatar ya raba awon gefe, wanda ake yi da mita, da awon shimfiɗar fili, wanda ake yi da murabba'in mita. Tsawo yana ɗaukar na kwance da na tsaye. Kusurwa wuri ne a ɗaki inda bango biyu suka haɗu, yaro kuma yakan sha wuya kafin ya yarda cewa ita ce kuma girman buɗewar da ke tsakanin layi biyu, wanda ba ya ƙaruwa don an ƙara wa layukan tsawo. Kewaye, wanda ya dace da jimillar gefunan siffa, yana da wata ma'ana a cikin gida wadda takan sa aji ya fashe da dariya. Akwai masu ganin a ɗauko na Larabci kamar mustaɗili ga doguwar siffa mai kusurwa huɗu, akwai masu son a bayyana da Hausa zalla ko da sunan zai yi tsawo, akwai kuma masu cewa a bar na Turawa tun da su ɗalibi zai tarar a sakandare. Abin da ba a cika yi ba shi ne a tambayi magina da masu shata rabin wata yadda suke faɗa, ko da yake su ne suka fi kowa buƙatar kalma ta fito ba harshen damo, domin kuskurensu bango ne yake biya.

Rabuwar da iyakar 1906 ta haifar tana nan a cikin awo, duk da cewa Nijeriya ta koma tsarin mita a hukumance tun shekarun 1970. Dillalin fili a Illelar Sakkwato yana sayar da fuloti ƙafa 50 a ƙafa 100, na Birnin Ƙonni yana faɗin nasa da murabba'in mita, kuma ɗan kasuwar da yake da gida a garuruwan biyu dole ya san cewa fulotin farko ya kai kimanin murabba'in mita 465 kafin ya iya kwatanta farashi. Haka tela yake sayen yadi a wancan gefe ya auna wa mai ɗinki da mita a wannan, mai haƙar rijiya kuwa, a kowane gefe yake, har yanzu da gaba yake yin jinga.